Keso Ashirin na Cindo

Da sunan Allah mai rahama muke buɗe wannan zance.

An ruwaito a wani tsohon kundi, da na karanta a wani gari da na taɓa sauka, ban kuwa iya tuna ko gabas da kogi yake ko yamma ba, cewa an yi wani sarki a Birnin Marke ana ce masa Yazidu. Wasu sun ce Yazidu sunan mahaifinsa ne. Ko ma dai yaya ne, an haɗu a kan cewa sarki ne mai jinkirin yanke hukunci, yana kuma da waziri mai suna Hashimu, wanda ba a cika yi masa tambaya ya amsa ba sai ya bi ta kan labari.

A birnin nan akwai wani attajiri mai fataucin baƙaƙen tufafi, sunansa Cindo. An san shi da taka-tsantsan ƙwarai, har ya zama duk cinikin da ya shiga sai mutane su bi shi ido rufe. Abin da ba su sani ba shi ne, a daminar da ta wuce jirgin da ya ɗauko kayansa ya kife a wani kogi mai nisa, dukiyarsa ta tafi gaba ɗaya. Ba abin da ya rage masa sai gida, da manyan riguna, da wuri keso biyu. Keso ɗaya kuwa, a lissafin wancan zamani, buhu ne mai cin wuri dubu ashirin. Bai faɗa wa kowa ba. Kullum da safe sai ya naɗa rawani, ya zauna a zaure ana zuwa gaishe shi.

Yana da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wani marini mai suna Tunau, wanda ya gaji karofi uku wurin ubansa a marinar ƙofar gabas. Tun suna yara kowannensu ke cewa ɗayan bawansa ne. Tunau kan tsaya a ƙofar zauren da hannuwansa shuɗɗa har gwiwa, ya ce, "Ina marowacin nan? A gaya masa ubangidansa ya zo, ya fito da goro ko da ɓari ne." Cindo kuma ya ce, "Tsaya daga nan, kada ka taɓa mini bango. Jiya aka shafe shi."

An ce wata rana da kaka wani madugu ya shigo birnin da raƙuma arba'in, ana kiransa Anaruwa. Mutum ne mai fara'a da daɗin baki. Ya sauka gidan wani fatoma mai saukar fatake, ya sa aka yi shela cewa zai ci babbar kasuwa ta kwana bakwai a Mashigin Gawo, tafiyar rabin yini daga birni. Ya ce ayarori uku na tafe daga arewa da gishiri da takarda da murjani, kuma ba abin da suke nema kamar baƙin zane. Mai son rumfa sai ya biya tun yanzu, gwargwadon abin da ka biya gwargwadon kusancinka da tsakiyar kasuwa.

Aka yi kwana goma ba wanda ya kai ko wuri ɗaya. Kowa na jiran ya ga abin da Cindo zai yi.

Ran nan sai ga Anaruwa a zauren Cindo. Bayan gaisuwa mai tsawo ya rage murya ya ce, "Maigida, ni matafiyi ne, na bi ta bakin kogin nan, na ji abin da ya faru da jirgi. Allah ya mayar da alheri. Ba mai ji daga bakina."

Cindo ya dubi ƙofar zaure. Ya ce, "Me kake so?"

"Alheri nake so da kai. Nawa ke hannunka?"

"Keso biyu."

"Kawo su, in ba ka rumfar tsakiya, wadda ta fi kowace. A kwana bakwai ka farfaɗo. Abu ɗaya kawai, mutum irinka ba ya fita kasuwa da keso biyu, sai a yi ta tambaya. Zan aiko da buhu goma sha takwas a cike da tsakuwa, a ɗora su tare da naka, a ce ashirin. Wa aka cuta? Ni na san biyu na karɓa, kai ka san biyu ka bayar."

To, al'adar Birnin Marke ita ce, in babban mutum zai biya kuɗi a kan wani abu na jama'a, sai a ɗora buhunan a jakuna a kai tsakar kasuwa, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi adadinsu. Ba a kuwa kwance buhun mai mutunci a gaban mutane, don yin haka zagi ne. Sai an koma gida ake ƙirgawa. Cindo ya san wannan, Anaruwa ma ya sani. Sai Cindo ya ce, "A aiko da su ta ƙofar baya."

Ranar kasuwa jakuna goma suka fito daga gidan Cindo. Sanƙiran birnin, wani mai babbar murya da ake kira Ƙosau, ya hau kan turmi ya ce, "Jama'a, ku saurara! Cindo, wanda ba ya sayen allura sai ya leƙa kafarta, yau ya ba da keso ashirin! Ashirin, ba goma ba! Mai kunne ya ji!" Cindo na tsaye ana ta yi masa barka, bai ce a'a ba.

Kafin la'asar mutane sun yi layi a ƙofar fatoma da buhunansu.

Da yamma Tunau ya zo yana dariya. Ya ce, "Kai bawana, ashe haka kake? Ka ga ruwa ka sha kai kaɗai? To, ni ma na shiga. Keso shida!"

Cindo ya ce, "Ina ka sami keso shida?"

"Na sayar wa Nomau mai baba da karofina, da sharaɗin in na kawo masa kuɗinsa kafin watan Rajab ya tsaya ya mayar mini. In wata ya tsaya ban kawo ba, sun zama nasa."

Malamai ba sa son irin wannan ciniki, amma haka mutanen garin ke yi. Cindo ya ce, "Karofin Baba? Tunau, ka yi hauka ne?"

"In hauka ne, kai ka fara. Wanda ke ƙirga ƙwayar gero a tuwo ya zuba ashirin, ni zan ji tsoron shida?"

Maganar ta zo har bakin Cindo. Sai ya tuna da jirgi, ya tuna da masu zuwa gaishe shi, ya haɗiye ta. Ya ce a ransa, ai kasuwa za ta ci, kowa ya sami riba, ba wanda zai taɓa sani.

Da ranar ta zo, mutanen birni suka kwashi kaya suka tafi Mashigin Gawo. Suka tarar da rumfunan zana an kafa su jere. Suka baje kaya, suka zuba ido arewa. Ranar farko ba wanda ya zo sai mata masu tallan nono. Ranar ta uku wani tsoho ya zo da jaki ɗaya da gishiri. Ranar ta bakwai Anaruwa ya tsaya a tsakiyarsu hawaye na zuba, ya ce manzo ya iso masa, rijiyoyin hanya sun ƙafe, ayarorin sun juya. Ya ce shi ma ya yi hasara, ya kashe kuɗi wajen rumfuna da manzanni da kyautar sarakunan hanya. Wasu suka ce ƙarya yake yi. Wasu suka ce ai rijiyoyi kan ƙafe. Gaskiyar magana, ba wanda ya sani, har shi Cindo.

Suka komo birni, saura kwana goma sha biyu watan Rajab ya tsaya.

Hanyar farko da suka bi ita ce ta sulhu. Sarkin Kasuwa ya tara su a rumfarsa, ya ce kafin a je gaban alƙali a gwada gyarawa tsakanin juna. Anaruwa ya ce zai mayar wa kowa ɗaya cikin biyar na abin da ya biya, in an yarda ba mai sake tayar da maganar. Sai ya juyo ya dubi Cindo da murmushi ya ce, "Maigida, kai da ka ba da ashirin, huɗu ne naka. Yau ma sai a kai maka."

Cindo ya gane. Biyu ya bayar, ana miƙa masa huɗu kuɗin shiru. Bai karɓa ba, bai kuma ƙi ba. Ya ce zai yi shawara.

Tunau ya miƙe ya ce, "Ɗaya cikin biyar? In kai wa Nomau keso ɗaya da 'yan kai in ce ya ba ni bakin karofi ɗaya in riƙa leƙawa? Ban yarda ba!" Wasu ma suka ƙi, sulhu ya watse.

A hanyar gida Tunau ya dafa kafaɗar Cindo ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Ni shida na rasa ina ta ihu, kai ashirin ko tari ba ka yi ba. Da na zo in ce ka ranta mini, sai na ji kunya. Wanda aka kwashe wa ashirin ina zai ga shida?" Cindo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Hanya ta biyu ita ce ta lamuni. Suka tafi wurin fatoman da ya sauki Anaruwa, don an saba mai masauki kan tsaya wa baƙonsa. Fatoma ya ce, "Ɗaki na ba shi da ruwan wanka, ban ba shi wuyana ba. A cikinku wa ya zo ya ce in tsaya masa kafin ya biya? Ko ɗaya. Kun ga jakunan Cindo, kuka biyo da gudu har kuna take mini kaji."

Hanya ta uku ita ce ta alƙali. Ya saurare su har suka gama, sa'an nan ya ce, "Me kuka biya wa kuɗi?"

Suka ce, "Rumfa, Allah ya gafarta malam."

"An kafa rumfunan?"

"An kafa."

"Kun yi sharaɗi gaban shaidu cewa in ayari bai zo ba a mayar muku da kuɗinku?"

Suka yi shiru.

Alƙali ya ce, "Ƙofa biyu shari'a ke da ita a nan. Ko dai sharaɗi da aka karya, ko ruɗi da aka yi muku lokacin karɓar kuɗin. Ta farko ku da kanku kuka bar ta a rufe. Ta biyu kuwa sai kun kawo shaida. In babu, zai rantse cewa bai yi nufin cuta ba, ya kora raƙumansa ya tafi." Ya ba su shawara su kai kuka fada, don sarki na da ikon tsare kayan baƙo har a bincika.

Suka tafi fada, saura kwana shida wata ya tsaya. Suka faɗi suka yi gaisuwa, Tunau ya yi bayani, Anaruwa ya yi nasa. Sarki ya saurare su duka. Can ya dubi fadawa ya ce, "Ga tambaya. Mutum biyu sun karɓi kuɗin jama'a, dukansu ba su kawo abin da aka sa rai ba. Ɗaya ƙaddara ce ta kayar da shi, ɗaya mayaudari ne. Da me za a rarrabe su?"

Wani ya ce a duba fuska. Wani ya ce a duba wanda ya fi kuka. Sarki ya ce, "Waziri fa?"

Waziri Hashimu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na taɓa jin labarin wasu mahaƙan rijiya biyu."

Sarki ya ce, "Yaya labarinsu yake?"

Waziri ya ce, "An ce akwai wani ƙauye da ƙishirwa ta dame su, sai mahaƙa biyu suka zo, ɗaya ya kama gabas da gari, ɗaya yamma. Na gabas ya ce, 'Ban san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba, ku biya ni in gwada.' Mutane kaɗan suka biya. Na yamma bai ce komai ba sai da ya haƙa zurfin gaba biyar, sa'an nan ya kira mutane ya fito musu da yashi jiƙe sharkaf a tafin hannunsa. Da ganin haka suka kawo masa awaki da hatsi da mundayen matansu. Aka yi ta haƙa. Na gabas ya kai gaba talatin ya tarar da dutse. Na yamma ma ya kai gaba talatin ya tarar da dutse. Aka kai su gaban mai gari, kowa ya ce Allah ne bai nufa ba. Mai gari ya sa aka zura mutum cikin ramukan, ya fito ya ce duka biyun a bushe suke, ba bambanci. Sai wani dattijo ya ce, 'Kuna duban gindin rami, alhali amsar tana bakinsa. Kada ku tambayi yadda aiki ya ƙare, don ƙarshe na Allah ne. Ku tambayi abin da kowannensu ya nuna wa mutane ranar da ya miƙa hannu ya karɓa.' To, ranka ya daɗe, a garin nan akwai wata mace mai sayar da ruwa, wadda kullum da sassafe take kai wa mahaƙin yamma tulu biyu, tana ganinsa yana juye su cikin ramin. Ita kaɗai ta san inda laimar yashin ta fito. Amma in ta faɗa, maƙwabtanta za su san da ruwanta aka cuce su."

Sarki ya ce, "Ta faɗa?"

Waziri ya ce, "Wanda ya ba ni labarin bai kai ni ƙarshensa ba. Wataƙila a cikin taron nan akwai wanda ya san yadda ya ƙare." Bai dubi kowa ba, amma Cindo ya gane da shi ake.

Sarki ya yi umarni a tsare raƙuman Anaruwa da kayansa kwana goma sha biyar. In an sami wanda ya san wani ruɗi da aka yi wajen karɓar kuɗi, ya zo ya faɗa. In ba a samu ba, Anaruwa ya rantse a sallame shi.

An ce sau uku Cindo yana zuwa ƙofar fada yana komawa. Zuwan farko wasu fatake suka tare shi suna cewa, "Sannu da haƙuri, maigida, ai irinku ne ke iya ɗaukar wannan," sai ya amsa gaisuwa ya juya. Ya ce a ransa bari ya nemi wata hanya da za ta ceci Tunau ba tare da ya tona kansa ba. Ya tafi wurin Nomau ya roƙe shi ya ƙara kwana goma. Nomau ya ce, "Ba wuya, maigida. Ajiye mini keso shida a hannu, in ƙara masa wata guda ma." Cindo ya ce zai duba. Ya tafi wurin Anaruwa a ɓoye ya ce ya ba shi keso shida yau, shi kuwa ya yi shiru har abada. Anaruwa ya yi dariya ya ce, "Dogarai na zaune a kan kayana. Ka yi shiru kwana goma sha biyar, in ba ka takwas." Ya zaga ya nemi rance wurin mutum biyu, kowanne ya ɗauka wasa yake yi.

Haka kwanakin suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ranar ta shida da magariba yana tsaye a ƙofar masallaci sai ya ji mutane suna cewa, "Ga shi can! Ya tsaya!" Ya ɗaga kai ya ga jinjirin wata siriri a yamma.

Da safe ya bi ta marina. Ya hangi Tunau yana miƙa wa Nomau sandunan motsa baba, yana nuna masa karofin da ke yoyo ta gefe, yana gaya masa yadda ubansa ke toshe shi. Ba ya kuka, ba ya faɗa. Cindo ya tsaya bayan wata katanga har suka gama. Duk da haka sai da ya ƙara kwana biyu.

Ranar ta tara ya shiga fada ana cike. Ya faɗi gaban sarki, ya warware rawaninsa da hannunsa ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ne mai tulun nan. Keso biyu na bayar. Goma sha takwas tsakuwa ce, Anaruwa ya aiko da ita, ni na buɗe ƙofa. Ba ni da ashirin, ba ni da ko biyar. Dukiyata ta nutse tun da damina."

Anaruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, hasara ta taɓa masa hankali."

Sarki ya sa aka kira Ƙosau sanƙira. Ya zo ya ce, "Zaki, ni abin da aka raɗa mini nake faɗa, aikina ke nan. Amma shekarata talatin ina jin ana sauke buhun wuri daga jaki. Wuri kukansa daban. Ran nan na ji buhunan sun faɗi tim, na ce a raina, yau kuɗin Cindo mura suke yi." Wasu suka yi dariya, Tunau bai yi ba. Aka aiki dogarai gidan fatoma, suka tarar da tsibin tsakuwa a bayan turken raƙuma, da buhuna goma sha takwas a naɗe.

Sarki ya ce wa Anaruwa, "Ko ayarinka na gaskiya ne ko na ƙarya, wannan yana wurin Allah, ban kuwa tambaye ka shi ba. Amma da ƙarya ka buɗe hannun mutane, saboda haka cinikin ya ɓaci tun daga tushe." Ya yi hukunci a kwance kayansa, a sayar da raƙumansa, a mayar wa kowa abin da ya biya cif, sa'an nan a raka shi bayan ganuwa kada ya sake dawowa. Game da Cindo kuwa ya ce, "Ka yi laifi da ka yarda, ka ƙara da ka yi shiru. Amma ba don bakinka ba da ba wanda ya sami ko wuri. Ba za a ɗaure ka ba. Keso biyunka dai sun tafi, a raba wa waɗanda suka yi asarar kuɗin jakuna zuwa Mashigi."

Sa'an nan ya sa aka yafa wa Waziri Hashimu alkyabba, aka ba shi doki da sirdinsa. Ya ce, "Yaya aka yi ka sani?"

Waziri ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe, zato na yi. Na ga mutumin da ke ja-in-ja a kan wuri biyar ya rasa keso ashirin, kuma duk zaman nan bai buɗe baki ya nemi ko ɗaya ba."

A kan shawararsa sarki ya kafa doka uku. Duk baƙon da zai tara kuɗin mutane don wani taro, sai ya kawo ɗan gari ya tsaya masa. Sai an rubuta gaban shaidu biyu abin da za a yi in taron bai yiwu ba. Kuma sanƙira ba zai ƙara faɗin adadi ba sai an kwance buhu an gani, ko na wane ne. Akwai ta huɗu, ina tsammani, amma ta kuɓuce mini.

Tunau ya roƙi sarki a mayar masa da karofinsa. Aka kira Nomau, aka ba shi shida ya ƙi, aka kai takwas ya ƙi. Ya ce sharaɗi ya cika, wata ya tsaya gaban kowa. Sarki ya juya maganar ta kowace fuska, bai ga inda zai kama shi ba, don shi bai ruɗi kowa ba.

Da aka gama sayar da raƙuma, Cindo ya roƙi a bar shi ya kai wa Tunau kuɗinsa da kansa. Ya koro jakuna uku zuwa marina, kansa ba rawani sai hula. Ya tarar da Tunau tsugune a bakin karofin tsakiya yana tsoma zane, yanzu ɗan ƙodago ne wurin Nomau, ana biyansa a kan kowane turmi.

Cindo ya yi sallama ya ce, "Ga kuɗinka, shida cif."

Tunau bai ɗago ba. Ya ce, "Sauke su can."

Cindo ya sauke. Can ya ce, "Tunau, ka yafe mini."

Tunau ya jawo zanen daga cikin baba, ruwan na tsiyaya. Ya ce, "Tsakuwar ba ta dame ni ba. Talauci kan sa mutum abin da ya fi haka. Jirginka ma da ka gaya mini, da tuwon gidana ya ishe mu mu biyu. Abin da nake juyawa a raina shi ne kwana ukun nan. Maganar da ka faɗa ran tara, ita ce dai a bakinka ran shida. Ba ta ƙara tsawo ba, ba ta rage ɗaci ba."

Cindo ya ce, "Haka ne."

"To, me ka saya da kwana ukun?"

Cindo bai sami amsa ba, har ya mutu kuwa bai samu ba.

Zanen ya yi wa mutum ɗaya nauyi. Tunau ya miƙa masa gefe ɗaya ya ce, "Kama nan mu matse."

"Ka yafe ke nan?"

"Wa ya ce? Kama dai, kada ya taɓa ƙasa, ba nawa ba ne."

Cindo ya naɗe hannun riga ya kama, suka murɗa, baƙin ruwa ya gangara ya koma cikin karofin Nomau.

An ce sun ci gaba da gaisawa har tsufa, sun kuma yi wa juna zumunci gwargwadon hali, amma karofin nan uku ba su ƙara komawa gidan su Tunau ba.

Masu hikima da suka rubuta wannan labari sun ce a cikinsa akwai abin lura ga mai ba da kuɗi da mai neman a mayar masa. Wanda zai biya don abin da bai zo ba tukuna, ya nemi mai lamuni, ya yi sharaɗi gaban shaidu, kada ya dogara da cewa wane ma ya biya. In abu ya ɓaci, akwai sulhu, akwai alƙali, akwai sarki, kuma kowannensu na iya dawo da kuɗi. Amma duk cikinsu ba mai iya dawo da ranar da ta wuce. Shaidar da aka riƙe har lokacinta ya fita takan wanke mai ita a gaban mutane, ta bar wanda aka cuta a inda yake.

Iyakar abin da na iya tunawa ke nan. Inda na rage ko na ƙara, Allah ya yafe mini, Shi ne ya san yadda abin ya kasance.